Abin da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Warin albasa na shigowa ta tagar ofishin Malam Zakariyya daga motocin da ke lodi a bakin titin Aliero. Ummusalma na tsaye gaban teburinsa, shi kuma yana karanta abin da ta rubuta a wayarta. Shi ya koyar da ita a jami'a har ta gama digiri, kuma shi ya nuna mata sanarwar wata makarantar likitanci ta ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin ɗalibai kaɗan daga Afirka. Takardunta duk sun cika. Saura amsar tambaya guda: mene ne a rayuwarki ya bambanta ki da sauran masu nema, kuma da me zai amfani 'yan ajinki?

Ya ajiye wayar. "Wannan ba amsa ba ce. Kin ce kina son taimakon al'umma. Kowa ma haka zai ce. Ina mahaifiyarki a ciki?"

"Malam, ban so in sa Inna ba."

"Don me? Mutum nawa ne cikinsu suka tashi a hannun uwa kurma? Tun kina ƙarama ke ke yi mata tafinta a asibiti. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Abin da ya faru za ki rubuta."

Ta koma gida Maiyama ta rubuta. Rubutun bai ba ta wuya ba, kamar da ma yana jiran a buɗe masa ƙofa. Ta faɗi yadda sanƙarau ya tafi da jin mahaifiyarta tun Inna na yarinya, da yadda mahaifinta, direban babbar mota, kullum yake bisa hanya, sai ita 'yar fari ta zama mai rakiya. Da ta tura wa Malam Zakariyya, ya kira ta yana murna.

"Yauwa! Wannan sai ya sa su hawaye. Ki tura kafin a rufe."

Maganar hawayen ce ta tsaya mata a rai. Ta ga bai kamata baƙi su yi kuka a kan Inna ba, alhali Inna ba ta san an ba da labarinta ba.

Da la'asar ta sami Inna Kyauta a tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Ta zauna gabanta, ta taɓa gwiwarta don ta ɗago, sannan ta shiga mayar mata da rubutun cikin maganar hannu, layi bayan layi. Inna na kallo, wani lokaci ta gyaɗa kai, wani lokaci ta yi murmushi. Har Ummusalma ta iso layin da ta fi alfahari da shi: "Ni ce kunnenta, ni ce bakinta. Duk abin da ke damunta, ta bakina likita ya ji shi."

Inna ta goge hannuwanta a gefen zani. Ta girgiza kai, ta nuna: "Ba duka ba."

Ummusalma ta zaci hannunta ne ya yi kuskure. Ta maimaita.

"Na gane," Inna ta nuna. "Na ce ba duka ba." Ta kau da ido zuwa bango na ɗan lokaci kafin hannuwanta su ci gaba, a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa. "Bayan na haifi ƙanenki Sadiq wani ciwo ya same ni. Na mata. Don shi na je asibiti. Likitan namiji ne, kuma ke yake kallo, ba ni ba. Ke kuma ga ki nan 'yar mitsitsiya, kin zuba mini ido kina jiran in nuna ki faɗa. Ke ce ta fari. Ko sunanki ba na kamawa gaban mutane. Da wane hannu zan nuna miki wannan? Sai na dafa kai. Ya ba ni maganin ciwon kai."

Ummusalma ta tuna. Ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba. Ta tuna kanta tana cewa da ƙarfin murya, "Likita, kanta ke ciwo," tana jin daɗi ana yaba wayonta.

"Har yanzu ciwon yana nan?" ta tambaya.

Inna ta jawo kwanon tunkuza ta ci gaba da aikinta.

Ummusalma ba ta yi kuka a gabanta ba. Ta shiga ɗaki ta goge rubutun gaba ɗaya. Washegari ta hau mota zuwa Jega, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata gidan Malama Gudiya, wata dattijuwa mai koyar da yara kurame, wadda ke ji kuma ta iya maganar hannu. Daga can ta wuce asibiti ta binciki ranar da likita mace ke zama.

Da ta dawo ta gaya wa Inna za su je wurin likitar, kuma Malama Gudiya ce za ta yi mata tafinta, Inna ta ƙi da farko. "Ya zama jiki. Bar shi."

"Ba ni za ki faɗa wa ba, Inna. Matar babba ce, ba danginmu ba ce, ba ta san kowa a garin nan ba. Ni ko ɗakin ba zan shiga ba."

Inna ta nuna: "Takardar Turawan fa?"

"Zan sake ta, in kin yarda. Zan ce akwai abin da kika kasa faɗa ta bakina. Ba zan ce mene ne ba, don ni ma ban sani ba."

"Ki rubuta. Amma kada ki sa su ji tausayina. Da hannun nan na ciyar da ku."

Sabon rubutun ya fi na farko gajarta, ya kuma fi shi wuya. Ta ce ta tashi tana zaton ita ce muryar mahaifiyarta, ashe wani lokaci ita ce katangar da ta tsaya tsakaninta da magani. Ta ce abin da za ta kawo wa ajin shi ne hannuwa masu magana, da sanin cewa maras lafiya na iya nuna kai alhali ciwon na wani wuri, saboda wanda ke tsaye kusa da shi. Tana son ta zama likitar da za ta ce yara su jira a waje, ta rufe ƙofa, ta dubi uwar ido da ido.

Malam Zakariyya ya karanta sau biyu, yana shafa gemu.

"Na farkon ya fi taɓa zuciya. A nan kin nuna musu inda kika gaza. Kina iya rasa gurbin, kin sani?"

"Na sani, Malam. Shi zan tura."

Ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya gyara mata Turancin wurare biyu. "To, Allah ya ba da sa'a."

Ta tura kafin ta bar ofishin.

Ranar asibiti suka tarar da Malama Gudiya na jiransu a bakin ƙofa. Matan biyu suka gaisa da hannu, nan da nan hira ta ɓarke tsakaninsu, har Inna na dariya. Da aka kira suna, Ummusalma ta miƙe bisa sabo, ta yi taku ɗaya, sai ta tuna. Ta koma kan benci. Ƙofar ta rufe.

An daɗe ba su fito ba. Mutane suka zo, suka tafi. Da ƙofar ta buɗe, Inna ta fito riƙe da takardar gwaji, idanunta sun yi ja, amma tana tafe kai a ɗage. Ummusalma ta ɗaga hannu za ta tambayi abin da likita ta ce, sai ta fasa, ta karɓi jakar Inna ta rataya.

Inna ta taɓa kafaɗarta. "An ce mu dawo ranar Alhamis," ta nuna. "Ki rako ni. Ki zauna nan inda kika zauna yau."