Fiton Auta

Auta ce ta dage sai an kai Baba gandun dajin nan na gwamnati. Yayanta ya ce, "Ke dai akwai taurin kai. Mutumin da yake ce miki 'yar aiki, bishiya ce za ta tuna masa?" Ta ce a dai gwada. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohon ya daina gane ta, ita da take ba shi abinci a baki, take yanke masa farce. Ba wani abu take nema ba, ya dube ta kawai ya ce Auta.

Dajin kuwa sun san shi tun suna ƙanana. Duk hutun makaranta Baba kan loda tanti da barguna da butar shayi a tsohuwar motarsa, su tafi. Dokarsa ita ce, wanda ya ɓata kada ya yi yawo, ya tsaya inda yake ya yi fito, dogo sannan gajere. Baba zai amsa, ya zo. Marigayiya Mama ta sha faɗa, wai mace da fito, amma duk gidan na Auta ya fi kaifi.

Da hantsi suka isa. Yaya yana ta kokawa da igiyar tanti, sai tsoho ya buge masa hannu. "Kauce, malam, ba haka ake yi ba." Ya ɗaure ta tamau a turke, ko duba bai yi ba.

"Kin ji, yau na zama malam," in ji Yaya, yana dariya.

Auta ta zuba wa hannun Baba ido. Hannun ya tuna! Ta sulale ta bi hanyar rafi, ta tsaya bayan wata babbar bishiya, ta yi fiton.

Allah sarki, sai ga amsa. Sai ƙarar ganye. Baba ne, ba sanda, yana ture rassa kamar saurayi. Ya zo har gabanta, amma idonsa yana ƙasa, daidai ƙugunta yake dube-dube.

"Baiwar Allah, ba ki ga wata 'yar yarinya ba? Mai giɓi, da jan takalmi. Autata ce. Tsoron daji gare ta."

"Baba, ni ce."

"Don Allah yi shiru, kada ki hana ni jin ta."

Ya sake gwada fiton, iska kawai ta fita. Ya leƙa cikin rafin, ya kira sunanta da wata murya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. A nan ta gane abin da ta jawo masa. Ta share ido da gefen mayafi, ta kama hannunsa.

"Na gan ta, Baba. Yayanta ya ɗauke ta, tana can tanti."

Ya sauke numfashi, har sai da ya jingina da ita. "Ba ta yi kuka ba?"

"Ta yi kaɗan."

"Ai na sani. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ko 'yar waye ke, ya ji daɗi."

Ta ce amin. Suka juya a hankali, tana kawar masa da ƙaya daga hanya. Kafin su hango tantin, ya manta abin da ya fito nema.