Igiyar Mai Saiti

Shekara huɗu ina saje a kan igwa guda, mu shida, ban taɓa ganin mai saiti irin mijin ƙanwata ba. Mai Saiti muke ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace. A ba shi lamba, ya kanne ido ɗaya ya murza hannun igwar, harsashi ya je ya sauka bayan dutsen da ko ganinsa ba ma yi. Ni dai nawa ihu ne, aikin nasa ne.

Igwa kuwa ba ta barin mutum da kunnensa. Mu buɗe baki in za ta tashi, mu cusa auduga, duk a banza, a hankali take ci. Kunnen Mai Saiti na dama ne ya fara tafiya, na hagu ya bi.

Ƙanwata ce ta fara ganewa, da muka je hutu. Ta ja ni bayan ɗaki inda take shanya.

"Yaya, jiya yarinyar nan ta faɗo daga gado tana tsala kuka, yana zaune yana goge takalmi, ko waiwaye bai yi ba. Ka kai shi wajen likita su sallame shi. Kai ne babbansa."

"Zan kai shi."

"Ka rantse."

Na rantse, kuma ban kai shi ba. Ina iya cewa shi ya roƙe ni, don ya roƙa, ya ce in ya tuɓe kaki bai san me zai zama ba. Amma gaskiya tsoro na ji a haɗa ni da wani ɗanye da zai sauke harsashi a kan namu. Kaina na duba.

Sai na yi dabara, ni mai wayo. Lambobi in rubuta masa da alli a jikin igwa. Na samo igiya mai tsawon taku biyar, na ɗaura baki ɗaya a ɗamarata, ɗaya a tasa. Harsashin abokan gaba yakan yi fito kafin ya sauka, mai kunne yana da numfashi biyu ya kai ƙasa. In na ja sau ɗaya, ya duba alli. In na fizga, ya kwanta. 'Yan igwarmu suka sa mana Saje da akuyarsa. Da ya gane, sai ya riƙa yi musu kukan akuya, su yi ta dariya. Wata bakwai muka yi haka, sau tara na kayar da shi, sau tara ya tashi yana kakkaɓe riga.

Ran nan da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, kyaftin ya kira ta oba-oba ya ce mu bar wurin, an gano mu. Tayar igwa ta nutse a taɓo. Muna turi igiyar nan tana sarƙe min ƙafa, na faɗi sau biyu, taɓo har cikin hanci. Raina ya ɓaci, na kwance ta daga ƙuguna na yar. Na ce minti biyu ne.

Sai fito.

Kowa ya zube. Hannuna ya kai ɗamara da kansa ya fizgi iska. Na ɗaga kai ina ƙwala masa kira, ni da na fi kowa sanin banza nake yi. Yana tsaye ya ba mu baya, yana goge taɓo daga gilashin saiti da bakin rigarsa.

Shi kaɗai muka rasa. Igwar ma fenti kawai ta zubar.

Bayan kwana goma na kai wa ƙanwata kayansa: agogo, reza, takalman nan, da ɗamarar. Ban iya cire igiyar ba. Ta zauna a bakin gado da yarinyar a cinya, na faɗa mata komai game da alli da igiya, ban da abu ɗaya. Na ce Allah ne ya kawo kwanansa.

Ba ta yi kuka ba. Ta bi igiyar da yatsa, daga ƙullin da ke ɗamararsa har ɗaya bakin, inda har yanzu take a lanƙwashe da shatin nawa ƙullin. Ta daɗe tana juya shi.

"Yaya," ta ce, "wannan ba tsinkewa ta yi ba."