Lahadi Mai Kibiya Biyu

"Cire ta," in ji Malam Musaddiƙ.

Ina tsaye da dutse a hannu, na riga na buga ƙusa biyu cikin huɗu, takardar tana reto a jikin bango dab da gadonsa. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma fita ta gefen baki guda, sai mutum ya sunkuya kafin ya ji. Na sunkuya.

"Mi kac ce, Malam?"

"Cewa niy yi ka cire ta. Ba daidai take ba."

Takardar nan kwana biyu na yi ina tsara ta. Matar Malam ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda, Mashkura, tana aure a Rabah da goyo a baya. Ta so ta tafi da shi, ya ce shi ba zai je gidan suruki ya mutu ba. Sai mu maƙwabta muka zauna a zauren liman muka raba kwanakin mako: mai rana shi zai kai abinci, ya cika masa buta, ya ba shi maganin hawan jini, ya kama shi zuwa bayan gida. Aka ba ni rubutawa, don a unguwarmu ta Wurno ana ganin ina da hannu mai kyau. Iyakar abin da na fito da shi daga sakandare ke nan, sai ƙarfin ƙafa.

Ƙarfin ƙafar ma Malam ne ya ba ni. Shi ya koya mana lissafi, kuma dokar ajinsa ita ce: in ka ba da amsa daidai ya ce "Zauna," in ka kuskure ka ci gaba da tsayuwa har a kaɗa ƙararrawa. Shekara uku bai taɓa faɗa mini kalmar nan ba. Ranar da ya fara koya mana rukuni, ya zana babbar da'ira a allo ya ce rukunin masu cin jarrabawa ke nan, sannan ya je can kusurwa ya ɗiga alli. "Wanga ɗigo Abdulƙadiri na." Aji ya kwashe da dariya. Har yau akwai masu jikoki da ke kirana Ɗigo a kasuwar albasa.

To shi ya sa na yi takardar irin yadda yake yi a allo, don ya gani. Da'ira a hagu da ranaku bakwai, da'ira a dama da sunayen gidaje, kibiya daga kowace rana zuwa mai ita. Litinin ta Inna Hassana ce, tsohuwar da ke katanga ɗaya da shi. Juma'a ta Mashkura. Sauran ma kowace da mai ita. Lahadi ce kowa ya kauda kai, don ranar kasuwar Goronyo ce, rabin mazan unguwa kan hanya suke tun da sassafe. Sai na yi dabara: na fitar da kibiya biyu daga Lahadi, ɗaya zuwa Sajo mai sayar da tumaki, ɗaya zuwa gare ni. Wanda bai yi sammako ba ya shiga. Ba wanda ya lura cewa ni mai rubutun na tashi da rabin rana.

"Ina kuskuren, Malam?"

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna. "Lahadi."

"Ai ita tah hi tsaro. Gida biyu."

"Kowace rana kibiya guda. Guda ɗai. Shi aka cewa fankishin: ka ba shi rana, shi ba ka mutum guda, ba gardama." Ya tsaya ya haɗiye yawu. "In rana tah hidda kibiya biyu, dangantaka ta kawai. Kowa na da dangantaka da kowa, Ƙadiri. Dangantaka ba ta ɗebo ruwa."

"Malam, biyu ta hi ɗaya. Ko ni da niƙ ƙare a tsaye na san wannan."

"In anka tambaye ka, wa ad da Lahadi?"

"Ni da Sajo."

"Suna guda nika so."

Shekarata arba'in da takwas, da furfura a gemu, da rumbun albasa uku. Ga mutum kwance wanda ba ya iya ɗaura wandonsa sai an kama masa, yana gyara mini aiki. Na ji ƙafafuna sun tuna ajin nan. Na yi murmushi irin wanda ake yi wa marar lafiya, na ce, "To, Malam, za a duba," na buga sauran ƙusoshin biyu.

Lahadin farko na tashi da niyya, Allah ne shaida. Sai direba ya kira ya ce an fara lodin albasata zuwa Goronyo. Na ce wa matata Adawiyya ta aika da fura.

"Sunan wa as sama ga takardar?" ta ce.

"Na Sajo."

"To."

Ita da Hawwa matar Sajo ba sa magana tun kaka, tun da akuyar Hawwa ta shiga shanyar shinkafarmu. Daga baya na ji cewa a gidan Sajo ma an yi irin wannan zancen, sai dai can hujjar ita ce wanda ya rubuta takarda ai shi ne mai ɗawainiya. Ka ga kowa da gaskiyarsa.

Nakan leƙa Malam ranar Talata, a matsayina na shugaban tsari, lokacin da an riga an share ɗakin an yi masa wanka. A Talata ta uku na ga wani abu a gefen takardar, kusa da Lahadi: sifiri uku a jere da jan biro, kowane an soke shi da layi. Rubutun hagu ne, a karkace. Jan biron nan da yake duba jarrabawa da irinsa yana ƙarƙashin matashi. Lissafi bai zauna mini ba, amma wannan alamar na san ta, domin ya taɓa zana ta a kan takardar amsata: rukunin da babu kowa a ciki.

Na duba alamar, ya dube ni ina dubawa.

"Ya zahi, Malam?"

"Da godiya."

"Ana kawo abinci dai?"

"Ka ga takardarka nan," ya ce.

Da ya roƙe ni, wallahi da na gyara. Da ya ce, Ƙadiri, yunwa nake ji ran Lahadi, da na ɗauki ranar ni kaɗai har da ta gaba. Haka nake gaya wa kaina. Amma bai roƙa ba, maki yake ba ni. Kuma mai Asabar yakan bar masa sauran fura da buta cike, mutum ba ya mutuwa don yini guda. Na ce a raina bari mu ga wa zai fara gajiya. Bai gaya wa Mashkura ba, bai gaya wa liman ba. Ya faɗa sau ɗaya, a ajinsa kuma ba a maimaita bayani.

Lahadi ta shida ta faɗo a tsakiyar bazara, irin ranakun da ƙarfen mota ke ƙona hannu tun hantsi. A tasha na tarar da Sajo, ya ɗaure tumaki huɗu a bayan motar da aka loda buhunana. Muka zauna gaba, kafaɗa da kafaɗa.

"Ɗigo, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Sajo. Ya iyali?"

Na dube shi, ya dube ni. Daga Wurno har Goronyo mun yi zancen tsadar dusa, mun yi na ruwan madatsa da ya ja baya, mun yi na wani dillali da ya auri mace ta uku ya rame. Tambaya guda ce ba wanda ya yi, don duk wanda ya fara yin ta, shi zai sauka daga mota. A kasuwa Sajo ya saya mini ruwan sanyi leda biyu. Na sha ɗaya, na zuba ɗaya a ka.

Ran Litinin da safe, ina karyawa, Inna Hassana ta shigo har tsakar gida ba sallama.

"Abdulƙadiri, taso."

Malam yana kwance a tsakar gidansa, rubda ciki, taku uku tsakaninsa da randa. Daga ƙofar ɗaki har wurin akwai sawun jan jiki a ƙasa, layi guda mai faɗi, da ramukan gwiwar hannu a gefe ɗaya kawai. A cikin ɗaki buta na kife a gindin gado, ƙasa ta daɗe da shanye ruwan. Babu inuwa a tsakar gidan nan tun da aka sare darbejiyar. Bayan wuyansa ya saɓule.

"Da rai," in ji Inna. "Wa ad da jiya?"

"Inna, kama mani ƙahwahunai."

"Tambayarka niy yi."

"Ni da Sajo."

"Kai da Sajo," ta ce.

Muka kai shi gado. Na ɗebo ruwa a moɗa na ɗiga masa a leɓe, leɓen ya tsage kamar fadama a rani. Rabi ya shiga, rabi ya bi gefen bakin da ya mutu. Inna ta fita neman mai mota. Can ya buɗe ido, ya daɗe yana nemana kafin ya same ni. Sai idon ya wuce ni zuwa bango.

Na sunkuya, ina jiran ya ce ya yafe, ko ya ce bai yafe ba. Kowanne na shirya masa.

"Ƙadiri."

"Na'am, Malam."

"Wa ad da Lahadi?"

Na dubi ƙofa. Kaza na tono a tsakar gida, daidai inda ya kwanta.

"Ba kowa, Malam."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

"Zauna," ya ce.

Na zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen wurin da ruwan moɗa ya zuba. Kafin mai mota ya iso ya cika. Inna ce ta rufe masa ido, don ni ban tashi ba.

Bayan azahar aka kai shi. Tsoffin ɗalibansa sun zo daga Marnona, daga Taloka, har da wani injiniya daga Sakkwato, kowa na faɗin yadda Malam ya sa shi a hanya. Inna Hassana ta ce wa mata ta same shi ya faɗi, ba ta ce tun yaushe ba. A wurin zaman makoki liman ya yaba wa unguwa, ya ce a wannan zamani samun maƙwabta masu raba kwana don marar lafiya sai an tona, ya ambaci sunana musamman. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne. Sajo na gefena yana jan carbi da sauri kamar ana binsa.

Rana ta uku Mashkura ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakin, tana naɗe tabarmarsa, goyonta na barci a baya. Ba ta cire takardar ba.

"Kawu, sannu da ɗawainiya."

"Ba komi, ɗiyata. Ai ubanmu na."

"Wagga alama hwa?" Ta ɗora yatsa a kan jan rubutun. Biyar ne a jere. "Mi taka nuhi?"

"Wallahi kin san ni da lissahi. A tsaye niƙ ƙare."

"Haka Baba ka cewa." Ta gyara majanyi. "Ni ban ƙare a tsaye ba, Kawu."

Na jira ta ci gaba. Ta ɗauki biron daga ƙarƙashin matashi, ta cire marfin da haƙori, ta zana na shida a ƙarshen layi, da hannu mai kyau, ya fi nawa. Ta soke shi. Sannan ta miƙo mini biron, ta ce in riƙe, tun da ni ne mai rubutun unguwa. Na karɓa har da cewa na gode.

Da aka ƙirga daga Litinin, addu'ar bakwai ta faɗo ran Lahadi. Ni ban je Goronyo ba, Sajo ma bai je ba. Tun da hantsi Adawiyya ta ɗora tukunya, shinkafa da miyar kaji, ta ce ba za a ce Hawwa ta fi ta ba. Da na ɗauko kwanon na shiga gidan Malam, na tarar Sajo ya riga ni da nasu, tuwon dawa da man shanu yana kwance a kai. Masu addu'a sun riga sun ci na liman sun watse, Mashkura tana wajen mata. Ba mu san inda za mu ajiye ba, sai muka kai ɗakin.

An fitar da gadon. Muka dire kwanukan a ƙasa, ƙarƙashin takardar, ɗaya kusa da ɗaya. Ƙusa guda ta fita, kusurwar takardar ta lanƙwaso ta rufe Litinin da Talata. Tururi na fita ta gefen murfin Adawiyya. Muka tsaya a bakin ƙofa har ƙudaje suka gano wurin.