Kofuna Biyu a Takardar Shunpei

Takardar da jami'ar ta aiko guda ɗaya ce tak, mai ƙananan gidaje ɗari takwas, kowane harafi da gidansa. A ciki ake faɗin dalilin neman gurbi. Ƙa'idar makarantar su Shunpei Kuramochi kowa ya san ta: ka fara da fensir, malamin aji ya duba, sannan ka bi sawun fensirin da biro. Abin da biro ya taɓa kuwa ya zauna.

Sau huɗu malamin ajinsu, Malam Iwabuchi, yana dawo masa da gwajinsa, ya sha jan biro.

"Kuramochi, wa ya ce ka sa aikin mahaifinka?"

"Dalili aka tambaya, Malam."

"Dalili aka ce, ba wari ba. Farfesa na zaune yana shan shayinsa, kai kuma ka kai masa ƙudaje."

Mahaifin Shunpei sana'arsa share ɗakunan tsofaffin da suka mutu su kaɗai, waɗanda sai wari ke sanar da maƙwabta. Hutu biyu Shunpei yana bin sa. A wani ɗaki ya tarar da kofuna biyu jere a kan tebur, a gidan mutumin da maƙwabta suka ce ya shekara shida ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Tun ranar yake son karanta harkar kula da tsofaffi.

Malam ya tsara masa wani labarin: ziyarar da ajinsu ya kai gidan tsofaffi, da wata kaka da ta riƙe masa hannu tana murmushi.

"Barci take yi ranar, Malam."

"Ɗalibai tara kakar nan ta shigar jami'a tana barci. Rubuta."

Ya rubuta da fensir a ainihin takardar. Ranar Juma'a da safe Malam ya duba, ya gyaɗa kai. Ranar ce ta ƙarshe, gidan waya kuma ƙarfe biyar yake rufewa.

Shunpei ya tafi ɗakin karatu. Ya daɗe yana kallon labarin kakar a takardar. Sai ya ɗauki magogi ya bi ta gida gida, ya hure ɓurɓushin. Ya cire murfin biro. Ya sa ƙudajen, ya sa tabarmar da suka naɗe suka fitar, ya sa yadda mahaifinsa ke haɗa hannuwa ya sunkuya a bakin ƙofa kafin ya shiga. Ya sa kofunan.

Uku da rabi ya shiga ofishin malamai. In ba hatimin malamin aji a ambulan, jami'a ba ta ko buɗewa.

Malam Iwabuchi ya karanta layin farko, ya cire tabarau.

"Ina fensirin da na duba?"

"Na goge."

"Ka san ba wata takardar?"

"Na sani."

"In na ƙi bugawa fa?"

"Sai in dawo baɗi da wannan ɗin dai."

Malam ya mayar da tabarau, ya karanta har gida na ƙarshe. Sauran malamai suka yi kamar suna aiki.

"Za su titsiye ka a kan wannan ranar ganawa."

"Su titsiye. Ai ni na shiga ɗakin."

"Taurin kai kamar na mai tsaron ƙofa." Ya jawo hatimi, ya dangwala a jan tawada, ya danna. "Kofi na biyun, na wa ne?"

"Ba wanda ya sani, Malam."

Shunpei ya karɓi ambulan da hannu biyu, ya rusuna daidai yadda doka ta ce, bai ƙara ba. Ya fita ya canja takalmin cikin makaranta da na waje, ya nufi gidan waya.