Lallen Ranar Alhamis

A Sundimina, a zamanin da zuwa Gwaram sai an yi guzuri an ɗaura wa jaki akumari, an yi wani dattijo manomi, Malam Iliyasu, wanda aka fi sani da gemunsa fiye da gonarsa. Ja ne wur. Kuma ba aikin hannunsa ba ne. Tun da furfura ta fara leƙowa a haɓarsa matarsa Barira ta ɗauki nauyin abin. Kowace Alhamis bayan la'asar sai ta kwaɓa lalle a 'yar ƙwarya, ta zaunar da shi a gindin tsamiyar tsakar gida, tana shafawa tana mita, wai gemun nan nasa ba ya riƙe launi. Shi kuwa sai ya lumshe ido ya miƙa wuya kamar ɗan akuyar da ake sosawa. Kafin wata Alhamis ta zagayo jan ya koɗe, a sake sabo.

Sai tsufa ya kama Barira ta ka. Ba kwance take ba, tana cin tuwonta, tana salla in an tuna mata, amma hankalinta ya koma Gwaram inda aka haife ta, yana yawo cikin mutanen da ƙasa ta daɗe da rufewa. Ta manta da ƙwarya, ta manta da Alhamis, gemu ya yi fari fat. Wata safiya Iliyasu ya shigo da sallama, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Baƙo, maigidan ba ya nan," ta ce. "In ka gamu da shi ka ce ya dawo gida. Ba zai ɓace maka ba, mai jan gemu ne."

Ranar ya zagaya bayan rumbu ya yi kuka. Ba abin da yake so a duniya yanzu illa matar nan ta dube shi ta gane shi, ko da sau ɗaya ne kafin ɗayansu ya tafi.

Ya tsinko lalle ya kwaɓa da kansa. Hannun da ya saba da fartanya, ina zai iya? Jan ya fito, amma ba ya daɗewa sai ya koma kalar ƙasar gona. Da ya ga ya fara koɗewa sai ya ja amawalin rawaninsa ya rufe, ba ya yarda ta gani sai ya sake shafawa. Duk da haka baƙo take ce masa. Ya yanke a ransa cewa laifin lallen ne: bai yi ja sosai ba, kuma ba ya tsayawa har hankalinta ya iso ya same shi.

Da aka gama girbin gero sai ya bar ta a hannun surukarsu, matar ɗansu, ya hau jaki ya nufi Gwaram, wurin Balaraba, ƙanwar Barira, wadda amaren garin ba sa yarda kowa ya yi musu ƙunshi sai ita. Hanya ta miƙe tsakanin dawa da duwatsu, jaki yana tafiyarsa ta ganin dama, Iliyasu yana gyangyaɗi. Tsakanin barci da farkawa ya riƙa ganin Barira a gabansa, budurwa, da tulu a ka, ƙafafunta jajur da lalle, tana tafe ba ta waiwayowa. In ya zaburi jaki sai ta ƙara nisa. A mashigin kogi ya farka, ruwa yana taɓa masa diddige.

Balaraba ta kwaye masa amawali, ta dubi gemun, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wa ya yi maka wannan ta'asa? Ko kaza ce ta yi tonon?"

"Ki yi dariyarki ki gama, Balaraba, sannan ki ba ni wanda ba ya koɗewa."

Da ya faɗa mata dalili sai dariyar ta ɗauke. Ta ɗauko lallen da ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ruwan tsamiya, ta bar shi ya tsumu. Washegari ta shafa masa, ta naɗe da ganye, ta hana shi motsi har rana ta karkata.

"Kada sabulu ya taɓa shi a kwanakin nan," ta ce. "Ruwan zafi ma ka ƙyale shi. Bayan alwala ka shafa man kaɗanya, in za ka gona ka rufe shi daga rana. Zai kai ka wata da doriya." Ta goge hannu. "Amma ina mamaki. Yaya Barira ce ta koya mini wannan haɗin, kuma ga tsamiya a tsakar gidanku. Me ya sa naka yake koɗewa duk mako?"

Iliyasu bai tsaya kan maganar ba, hankalinsa ya riga shi komawa gida. Ya karɓi sauran garin lallen da ta ƙulla masa, ya kama hanya.

Ya shiga gida da gemu ja kamar garwashi, yana taku irin na ango. Barira ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubawa.

"Baƙo, ka yi kyau," ta ce. "Maigidan ba ya nan."

Ya bi duk abin da Balaraba ta faɗa. Launin ya zauna daram, wata ya tsaya ya cika ya mutu, gemu yana nan ja, Barira tana nan tana jan mayafi. Daga ƙarshe Iliyasu ya haƙura. Ya daina shafa mai, ya daina rufewa, ya bar wa rana da ruwa abinsu. Jan ya soma sanyi, furfura ta ɓullo daga gindi.

Wata la'asar ya dawo daga gona a gajiye, ya tuɓe rawani, ya jingina da tsamiya. Iska tana zubo masa ƙananan ganye, barci ya fara ɗaukarsa, ya koma kan hanyar Gwaram yana bin budurwa mai tulu. A wannan karon ta tsaya. Ya ji yatsu a haɓarsa, suna juya fuskarsa dama da hagu.

"Malam, dubi gemunka. Haka za ka je masallaci gobe?"

Ya buɗe ido a hankali, yana tsoron kada mafarkin ya watse. Barira ce durƙushe a gabansa, ba mayafi a fuska, ta ɗaure gira irin yadda ya sani. Sai a lokacin ya tuna yau Alhamis.

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar ƙwaryarta, ta zuba lallen da ya zo da shi daga Gwaram. 'Ya'yan tsamiya suna zube a gefen tabarma. Ya ga ta dube su, ta sa gefen hannu ta ture su, ta kwaɓa da ruwan randa zalla.

"Wannan gemu naka ba ya riƙe launi," ta ce. "Sai mutum ya yi ta fama duk mako."

"Haka ne," in ji Iliyasu, hawaye yana gangarowa cikin furfurar. Ya lumshe ido ya miƙa mata wuya.