Shunayya ko Ruwan Hoda

A shekarata ta biyu a kwalejin kiwon lafiya aka fara koya mana rina ƙwayoyin cuta. A shafa su a kan gilashi, a zuba rini, a leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu: wasu su fito shunayya, wasu ruwan hoda. Da launin ake gane irin cutar, likita ya san maganin da zai bayar.

Ranar jarrabawa malama ta tsaya a kaina. "Me ka gani?"

"Shunayya."

Ta sauya gilashin. "Wannan fa?"

"Shi ma shunayya ne, malama."

Sai ta ciro wani kati mai ɗige-ɗige. "Wace lamba ce a jiki?"

Na zura ido har ya kawo ruwa. Ɗige-ɗige kawai na gani.

"Ba rashin karatu ba ne," ta ce a hankali. "Idonka ba ya rarrabe launukan. Haka aka haife ka, kuma ba shi da magani."

A gida na tarar Inna tana goge farar rigata ta aiki. "Likitanmu ya dawo. Yaya jarrabawa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi." Ta miƙo mini rigar da sauran ɗuminta, na karɓa da hannu biyu.