Ranar da Ɗan'ikko Ya Tashi

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu ban gama fitowa daga cikinsa ba.

Na gan ni a tsohon gidanmu na Ƙaura, bayan layin dogo, gidan da aka rushe tun ina sakandare. Komai na nan yadda na san shi, sai dai rijiyar ta koma kan soro, ruwan sama kuma daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi gajimare, mata sun kife bahuna a kan igiyar shanya suna tara. Ban yi mamaki ba. Na tuɓe takalmi na yi sallama.

Kakata Iya Delu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, kamar ba mu muka raka ta makwanci ba. A kafaɗarta ga Ɗan'ikko, akun da kakana ya sayo mata daga kudu zamanin yana fataucin goro. Ta motsa baki, amma daga bakin akun muryarta ta fito.

"Maigidana, sai yanzu? Ko cefane babu?"

"Iya, hanya ce ta yi tsawo."

"Bar wannan. Yau za a ɗage sama. Duk tsuntsun da la'asar ta same shi a ƙasa, kaza zai koma. Ga shi gobe muna da baƙi."

Na dubi Ɗan'ikko. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya tashi ba, iyakarsa daga turmi zuwa murfin randa, shi ma sai da dabara. Ya karkaɗa fiffike, ya yi tsalle, ya faɗo tim kamar ƙullin gishiri. Jar jelar nan tasa har ta fara lanƙwasa irin ta zakara.

Sai ga mu a bakin tasha wajen mai faci. Mai facin raƙumi ne, da tabarau. Ya tsoma fikafikan cikin ruwa yana neman inda ke yoyo.

"Ba su huje ba," in ji shi.

Duk da haka ya ƙara musu iska, ya ce in gaida Iya, ita ta yi masa kitson sallar bara.

Daga nan sai makaranta. Jimina ce malamar tashi, tana riƙe da alli a baki.

"Malama, ke kin taɓa tashi kuwa?" na tambaye ta.

"Ni koyarwa aka ɗauke ni."

Ta sa Ɗan'ikko ya zagaya fili da gudu. Ya zo na ɗaya, aka tafa masa, amma ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba.

Rana ta karkata. Na hango mutane a kan tsani suna kwance gajimare kamar masu kwashe rumfar biki. Shirwa ta wuce, balbelu sun wuce, har jemage ya wuce da kayansa a ka.

Muka dawo gida. Iya ta karɓe shi, ta jinjina shi a hannu kamar mai tayin doya.

"Nauyi ne. Duk maganar gidan nan a cikinsa take, babu wanda ya taɓa zuwa karɓa. Sai ya sauke."

Na ɗora shi a tafin hannuna, na sosa masa ƙeya yadda yake so. Ya fara sauke su. Tarin kakana na safe. Kukan jirgin ƙasa in ya doso gari. Tallar nonon Jumma Bafillatana. Ihun ƙanwata Tasalla ranar da aka huda mata kunne. Sai dariyar babana, wadda na manta ma yana da ita. Kowacce ta fito sai ta gangara kamar goruba ta shige ƙarƙashin rumbu.

Ya yi sakayau, har ya fara shawagi a saman tafina. Saura murya guda. Na yi maza na kama ƙafarsa.

"Iya, in ya saki taki, da me za ki yi mini magana?"

"Me ya rage ban faɗa maka ba? Ka riƙa cin abinci. Ka daina yawo ba hula. Sake shi, ɗan nan, hannunka ya gaji."

Ban sake shi ba. Can na ji ladan yana gyaran murya. Zanko ja ya fara tsirowa a kan Ɗan'ikko, ya dube ni da ido ɗaya. Na buɗe yatsuna.

"Sallau! Tuwo zai huce!" ya ƙwala mini da muryar Iya, irin kiran nan nata na magariba da nake ji tun daga filin ƙwallo.

Sai ya tashi. A karkace ya fara, kamar mai koyon keke, ya bugi reshen darbejiya, ya zubo mana ganye, sannan ya miƙe. Iya ta kare rana da hannu tana bin sa da kallo. Ta juyo gare ni tana dariya, bakinta na motsi, babu sauti. Na matsa kusa, na kai kunnena.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Na daɗe kwance ina saurare, ko zan tsinci wani abu a ƙarƙashin ƙarar. Wake ne kawai ake markaɗawa.